Kun Shafe Mini Allo, Kun Rataya Mini Madubi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa na makarantarmu ta sakandare da ke Ƙofar Marke, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma yi maka ban gajiyar bikin buɗe ajin zamani, wanda har yau hotunansa ke yawo a wayoyin mutane. Ni ne malamin lissafin 'yan ajin ƙarshe, wanda ka sa hannu a takardar tuhumarsa ranar Litinin. Tun da a bakin ofis aka manna ta inda kowa zai gani, ni ma a fili zan ba da amsa.

Na ɗaya. Da muka dawo daga hutu na tarar an shafe baƙin allon ajina da farin fenti, an kafa wani ƙaton allon lantarki a gurbinsa. Ba a tambaye ni ba, ba a tambayi kowane malami ba. Shekara ashirin da uku ina rubutu a wannan bangon. An ce mana duniya ta ci gaba, alli ya zama kayan tarihi, yanzu daga intanet za a riƙa janyo darasi. Na ce madalla. Ni ba maƙiyin zamani ba ne, a wayata nake duba tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da kuɗin datata kuma.

Na biyu. Allon naku sau uku na gan shi a kunne. Ranar biki, da aka yi hayar janareta saboda baƙi. Ranar da mai ɗaukar hoto ya dawo don hoton farko bai yi kyau ba. Sai wata Laraba da aka kawo wuta, muka kunna da murna, ya nemi lambar sirri. Shugaban makaranta ya ce tana wurin ɗan kwangilar da ya kafa allon, ɗan kwangila ya daina ɗaga waya. Tun daga nan aikinsa ɗaya: 'yan mata na gyara hijabi a gabansa, don tsakani da Allah yana nuna fuska tas.

Na uku, kuma nan ne laifin nawa. Ranka ya daɗe, ba a koyar da lissafi da baki kamar wa'azi. Mako biyar ina zana kusurwa da yatsa a iska, yara na kallona kamar mai taɓin hankali. Akwai wata ɗalibata, Saratu, wadda ke son shiga makarantar koyon jinya, lissafi ne kaɗai ya tsaye mata. Rannan na gan ta tana kwafar abin da na rubuta a bayan kwalin alli da sauri, mutum goma na jiran kwalin. Kunya ta kama ni, raina ya ɓaci. Ranar Asabar na daka gawayi, na haɗa da baƙin tsohon batir da ɗan ƙaro, yadda malamanmu suka koya mana, na shafe bangon baya. Ranar Litinin muka juya kujeru. Yanzu yara na fuskantar darasi, allonku na kallon ƙeyarsu.

Wannan ne kuka kira ɓata kayan makaranta da zubar da mutuncinta a idon baƙi. Wane mutunci? Na aji mai ɗalibai sun fi sittin babu abin rubutu? Kai da 'yan kwamitinka ba wanda ya taɓa zama a ajin nan minti goma ba tare da mai hoto ba. Kun je bita a otal, kun dawo da jaka da kalmomin Turanci, kuna kallonmu 'yan ƙauye. Wallahi abin dariya yake ba ni, in na tuna yaran kuma dariyar ta tsaya.

Na huɗu. Takardar ta ba ni kwana bakwai in mayar da bangon fari, ko a ɗauke ni daga ajin. Jarrabawar fita saura mako shida.

Ga roƙona. A janye takardar. A nemo ɗan kwangila a karɓo lambar. A kawo sola ko da ta kunna allo ɗaya ce, a sa data. Ranar da aka yi haka ni zan fara tsayawa gabansa, in koya ko daga ɗalibaina ne. Kafin nan, bango zai zauna baƙi har Saratu da 'yan ajinta su ajiye alƙalamin takardar lissafi. Washegari zan sayo fenti in shafe da hannuna. In kuwa ba za ku iya jira ba, to ka zo da kanka ranar darasi, ka tsaya gaban yaran nan, ka faɗa musu dalili. Ni ba zan iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, ya ba yaranmu sa'a.

Wassalam.

Malamin lissafi, ajin ƙarshe.