Ɗakin da Kiyashi Ba Ya Shiga

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ya aiki, ya mutanen gareji? Umma da Auta suna lafiya, amma ba su san na rubuto ba. Direban motar kasuwa zan ba ya kawo maka, don wayar gidan kullum tana hannun Umma, kuma ka san ni, ko an miƙo mini sai bakina ya ƙi buɗuwa.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina tsoron ɗakin Baba. Ba don a ciki ya rasu ba, a'a, don babu abin da yake rayuwa a cikinsa. Ni nake share shi kullum, ban taɓa ganin yanar gizo a ciki ba. Tsaka takan zo bakin ƙofa ta tsaya, sai ta juya. Kwanaki na zuba sukari kaɗan a bayan akwati na bar shi, har ya yi ruwa ya bushe kiyashi bai zo ba.

A da abin yabo ne. Ka fi ni sanin yadda aka yi bayan sojoji sun kwashe daga tsohon bariki, mutane suka riƙa ɗebo ƙasar ramin da ke bayan wayar shingen barikin suna yaɓe da ita, saboda tana da laushi kuma gara ba ta cin bangonta. Baba ma da ita ya yi ɗakinsa.

Yanzu wasu ma'aikata sun zo barikin da katafila da tifofi. Fararen kaya suke sawa daga kai har ƙafa, ido kawai ake gani, yara suna ce musu fatalwa. Sun tono ganguna da yawa daga ramin, duk sun yi tsatsa sun huje. Sun ce magunguna ne sojoji suka binne, suka tsiyaye cikin ƙasar, kuma guba ne. Suna bi gida gida suna tambaya. Ɗakin da aka nuna musu sai su ɗebi ƙasarsa su gwada, in sun samu su shafa masa jan fenti, daga baya su rushe su kwashe.

Da suka zo gidanmu Umma ta ce musu da ƙasar rafi aka yi namu. An shafe shi da farar ƙasa, ba a ganewa, suka wuce. Ina bayanta goye da Auta. Wata mace a cikinsu ta dube ni, ni kuma na dubi ƙafata.

Umma da Auta har yanzu a ciki suke kwana. Auta tana yawan haɓo, jiya ma sai da na wanke matashinta. Me zan yi?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka.

*

'Yar Shiru,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ashe duk surutun naki a bakin biro kika ɓoye shi. Sukarin Umma kike rabawa sadaka, kiyashin ma suka raina? Bari in zo in faɗa mata inda yake ƙarewa.

Ki saurare ni. Kada ki ce wa mutanen nan komai. Ke yarinya ce lokacin, ba ki ga yadda aka yi ɗakin ba. Baba bai yi amfani da wani ƙarfe ba, da tafin hannunsa ya yaɓe shi tun daga ƙasa har sama. Ki leƙa bayan ƙofa, shatin yatsunsa na nan. Ko hotonsa ba mu da shi. In aka rushe bangon nan me ya rage wa Umma?

Haɓo kuma zafi ne, wane yaro ne ba ya yi? Ni na tura baro daga ramin, ni na kwaɓa ƙasar da ƙafata, ga ni nan garau ina sauke inji ina ɗorawa. Su masu fararen kayan ina suke duk shekarun nan? Yau sun zo, gobe sun tafi, mu za a bari da fili.

In hankalinki bai kwanta ba, ki mayar da Auta ɗakinki ta riƙa kwana, shi ke nan. Ki gaishe da Umma, ki ja wa Auta kunne ki ce in ji ni.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na yi yadda ka ce, na kai tabarmar Auta ɗakina. Washegari Umma ta ga ƙurajen sauro a hannunta ta ɗauke ta. Ta ce ga ɗakin da sauro ba ya shiga, don me zan kai mata 'ya inda za a cinye ta.

An rushe ɗakin tela maƙwabcinmu. Ba su bari ƙura ta tashi ba, suna fesa ruwa suna fasawa, suna zuba ƙasar a manyan buhuna suna ɗaurewa. Kafin la'asar babu ɗaki, sai shatinsa a ƙasa kamar an zana. Sun ce za a gina masa wani da bulo. Matarsa ta zauna a kan kujera tana kallon wurin har rana ta faɗi. Umma ta leƙa ta katanga ta gani, ta shige ɗakin Baba ta tura ƙofa.

Na san shatin yatsun da ka faɗa. Umma takan zauna a wurin bayan la'asar, ta sa yatsunta a cikin nasa, ta riƙa ba shi labari a hankali, wai akuya ta haihu, wai Auta ta fara iya ƙirga. Wani lokaci takan yi shiru kamar tana jin amsa. In na zo wucewa sai in ji kamar mu huɗu ne a gidan.

Auta tana kwaikwayonta. Amma ita inda farar ƙasar ta ɓantare take ƙwaƙulewa, ta kai baki. Na kama ta, harshenta duk ƙasa, tana dariya. Ranar na daure na yi wa Umma magana. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Ubanki ne zai gina mana abin da zai cuce mu?" Na ɗauki bokiti na fita.

A bakin famfo na haɗu da matar nan ta cikin ma'aikatan. Ba ta sa takunkumi ba, ashe har wushirya gare ta, kuma ba ta girme ka sosai ba. Ta taya ni ɗora bokiti, ta tambayi yarinyar da ta gan ni goye da ita. Na juya zan wuce. Sai ta saka mini wata 'yar kwalba mai murfi a hannu ta ce, "Ba sai kin yi magana ba. Ƙasar bangon cikin cokali ɗaya ta isa." Kwalbar tana cikin jakar makarantata ta da.

Yaya, ina so in tambaye ka wani abu. Tela ya daina iya zura zare a allura, 'yarsa ce take zura masa. Da na ga hannunsa sai na tuna Baba, yadda kofi yake kaɗawa a hannunsa har ruwa ya zube masa a riga, kafin ya kwanta. Shi ma tela da kansa ya yi yaɓensa. Kana ganin abu ɗaya ne?

Allah ya tsare ka.
Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Salam. Ki yi haƙuri na daɗe ban amsa ba, kuma ki yi haƙuri da rubutun, na san ya karkace.

Da na ce miki ina nan garau, ba haka ba ne. Tun kafin damina sifana take suɓuce mini. Ƙaramin noti sai in yi ta bin sa ban kama ba. Abokan aiki suna tsokanata wai yunwa ce, wai in yi aure. Mai garejin ya ɗauke ni daga kan inji ya mayar da ni wankin mota. Da safe kafin kowa ya zo nakan miƙa hannuwana in dube su, sai in ga na Baba.

Ban sani ba ko ƙasar ce. Ba zan iya ce miki ki kai ba, don ina ganin fuskar Umma. Ba kuma zan iya ce miki kada ki kai ba. Ki jira ni zuwa ƙarshen wata, in zo mu zauna da ita tare. Wannan ba nauyin da za ki ɗauka ke kaɗai ba ne. Ki sa ido a kan bakin Auta.

Kada Umma ta ji zancen hannuna.

Yayanki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya ba ka lafiya.

Ban jira ba. Ido biyu kawai gare ni, kuma ni ce mai zuwa famfo da wanki, ba zan iya tsare bakin Auta har ƙarshen wata ba. Yau da hantsi Umma ta fita gaisuwa, na kankaro ƙasar da cokali daga ƙarƙashin taga. Ban taɓa bayan ƙofa ba. Na kai wa matar a bakin bariki, ta karɓa da safar hannu. Na buɗe baki na faɗa mata gidanmu ne, na kuma ce ina da wa da ya kwaɓa ƙasar. Ta ce ka zo likitansu ya duba ka. Ka zo.

Ba na so Umma ta fara ji daga bakin masu fenti. Ɗazu ta ɗaga cokalin ta tambaye ni me ya lanƙwasa shi, na ce zan faɗa mata in ta idar da sallah. Tana zaman tahiya na ƙarshe yanzu.

Ka yi mini addu'a.
Ƙanwarka.