Sawun Ɓarawo Ƙarƙashin Akushi

Daga Baffanka Ƙasimu na Rimawa, zuwa ga ɗana Halliru, masinja a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi sa takardar ga ta iske ka lahiya, kai da iyalinka. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata da ta ƙi ni. Ƙanwarka Turai ta sauka, namiji. Malam Isa na sa shi rubuta, kuma na hana shi tausasa ko kalma guda.

Halliru, shekara tara ke nan ina faɗin magana guda, har ana cewa tsufa ne. 'Yan doka shida anka aje tsaron buhunan gyaɗar Bature a bakin kasuwa, mu ƙauye bakwai ba mu da ko ɗaya. Bara da munka gaji da ɓarayi munka ɗauki baka da kibiya, rana ba ta faɗi ba sai ga su su huɗu, sunka kwashe bakunanmu. Ashe sun san hanyar Rimawa.

To, an kore shanun ubanka Mode, duka ukun, har da wadda ake tatsa. Ɓarawon ya bar sawu cikin lakar fadama, ƙafar hagu, babu ƙaramin yatsa, kuma kowa ya san mai ita. Na kife akushina bisa sawun, na aza dutse, na taka da gwiwar ga na kai ƙara. Babban 'yan dokan ya ce ba shi da mutum sai mota ta kwashe buhunan, kuma kada mu kuskura mu kama kowa da hannunmu. Yau kwana goma sha ɗaya cikin ƙwarya nike cin tuwo. Ubanka ya daina zama cikin mutane. Hadari kuwa ya soma haɗuwa gabas, ruwan fari na sauka shaidarmu ta tafi.

Ka gaida matanka, Sabuwa da Kaltume. Innarka Mairo tana sa maka albarka.

Kai da ke shiga ofis da takarda, ka tsaya gaban mai rabon 'yan doka, ka faɗa mashi sunana, ka tambaye shi mi munka yi. Ko shi aiko mutum shi duba sawun ga, ko a maido mana bakunanmu. Kada ka rubuto mani in yi haƙuri. Amsa nike so, daga bakinshi, kafin ruwa.

Wassalam.
Baffanka, Ƙasimu.