Babbar Rigata a Bayan Mota

Daren Lahadi, watan Afrilu, unguwar Poumpoumré

Barci ya ƙi zuwa. Yau direktan kamfanin auduga ya gayyace ni kulob ɗinsu na golf, don mu ƙarasa maganar kwangilar motocina. Da yake babban mutum ne ya kira ni, sai na girmama shi yadda Baba ya koya mana. Na ciro babbar rigata ta shadda, Hajiya ta turara min ita.

A bakin ƙofa maigadi, wani dattijon Bafulatani, ya russuna ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ba a shiga fili da wannan. Sai riga mai kwala, a cusa ta cikin wando."

Raina ya ɓaci. Rigar da nake shiga gaban Lamiɗo da ita, ita ce ba ta isa ta taka ciyawa ba? Turawan da suka kafa dokar sun daɗe da tafiya, mu ne muke ta gadinta.

Amma direbobina na jiran aikin nan. Na shiga mota na tuɓe babbar rigar na ninke ta, na sa wata 'yar rigar aro, tumbi a waje, kai ba hula. Direkta ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Na samu kwangilar. Abin da ke cin raina shi ne lokacin fita. Dattijon nan ya buɗe min ƙofa, bai ko russuna ba, ya ce, "Sauka lafiya, Monsieur," irin kiran da ake yi wa Turawa.

Alhajin kuwa yana ninke a bayan mota.