Sunan da Yaya Sa'adu Ya Iya Rubutawa

Maraɗi, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Hafsatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aikin kaka? Ya Inna da ƙafarta? Mu nan lafiya lau, Saratu na gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda hannun direban Dakoro alhali ga waya aljihuna. Maganar ba ta waya ba ce, saƙon murya kuwa kin san yadda yake yawo.

Albishir tukuna. An sa sunana cikin alƙalan da za su busa usur a kokowar takobi ta bana, babbar gasar ƙasa da ake ba zakara takobi. Shekara goma sha tara ina bin filayen ƙauye, ina shan rana da zagin ƴan kallo, sai yanzu Allah ya yi.

To amma da sauran magana. Bana hukumarmu ta ce sai an binciki kowane alƙali. Kowa ya kawo takardar jastis, wato kotu, mai nuna bai taɓa laifi ba, kuma ya yi lambar lanho, ta mai biyan haraji, don ladan da ake ba mu a riƙa sanar da shi ga biro, ofishin haraji. Na kai takarduna. Da anka duba, sai ga katin shaida biyu bisa takardar haihuwa guda, suna guda, hoto daban, ɗan yatsa daban. Ashe bara Yaya Sa'adu ya je meri, ofishin magajin gari, ya ciro kwafin takardar, ya yi kati don karɓar takin ƙungiyar manoma.

Kin fi ni sanin asalin abin. Shekarar da anka zo garinmu Korahane neman yaran lakwal, makarantar boko, takardar haihuwa guda ce gidanmu, ta Yaya Sa'adu. Baba bai iya sakin babban ɗa daga gona, sai ya tura ni da ita. Tun ranar duk wata takarda tawa Sa'adu Hamid take cewa.

An ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo bayani. Ga dabarar da na gani. Yaya ya je jastis ta Dakoro da shaidu biyu, ya ce kuskure ya yi, shi sunanshi Almu, a yi mashi sabuwar takarda. Shi mi takarda ta dame shi? Don Allah ki shawo mani kanshi, ke yake jin maganarki.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Sa'adu Hamid, alƙalin kokowa

Dakoro, 8 ga Nuwamba

Almu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Inna ta ji sauƙi, hatsi ya yi kyau, alhamdulillahi. Barka da takobi, wallahi na yi murna har na yi guɗa ni kaɗai cikin ɗaki.

Amma kai! Har takardar da ka rubuto mani ka sa Sa'adu? Ni da na goya ka, na share maka majina? Ka aje wannan sunan can wurin ƴan biro. Ni Almu na sani.

Ka ce mi takarda ta dame shi. Bari in tuna maka abin da ka manta, ko da yake kana ƙarami. Ba kai ka so lakwal ba, kuka ka yi ta yi har anka aza ka bisa amalanke. Sa'adu ne ya so ta. Shi ya sa Inna ta ɗinka mashi jaka da tsohon buhu tun kafin mushe, malamin lakwal, ya zo. Ran da Baba ya ce kai za ka, jakar nan ya rataya maka da hannunshi, sannan ya zagaya bayan rumbu. Ni na same shi can. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Hutunka na fari da ka dawo, ya kama ka ya ce ka nuna mashi yadda ake rubuta sunan. Ka zana mashi a ƙasa da tsinke, ka ruga wasa. Shi ya zauna har la'asar yana bi. Yau shekara talatin da wani abu, duk boko abin da ya iya ke nan, baƙi shida. Ranar karɓar taki, manoma na layi suna dangwala yatsa, shi ya ce a ba shi bik ya rubuta. Da ka ga yadda ya riƙe ta!

Ni mai koyar da yaƙi da jahilci ce, na san abin da mutum ke ji ran da ya rubuta sunanshi. Ba ni kai wanga saƙo. Ka nemi wata dabara.

Ka gaida Saratu da yara.

Yayarka,
Hafsatu

Maraɗi, 13 ga Nuwamba

Yaya Hafsatu,

Bayan gaisuwa da ban girma, takardarki ta iso. Zancen jakar ban san shi ba, kuma ya taɓa ni.

Amma ki dubi halin da nike ciki. In na ce ni ne ba Sa'adu ba, cewa za a yi na shekara goma sha tara ina alƙalanci da sunan ƙarya. Takobi ta wuce ni ke nan, wataƙila har usur ɗin a karɓe. Ƴan kokowar da na taɓa cewa sun faɗi, kowa ya samu bakin magana. Ni ban saci komi ba, Yaya. Shekarata bakwai anka miƙo mani sunan. Laifin mi na yi?

Shi a gari ba wanda zai daina kiranshi Sa'adu. Takarda ce kawai za ta canza. Ki faɗa mashi, ki bar shi ya zaɓa da kanshi. In ya ce a'a, na haƙura. Tsoro nike ji, ba ni ɓoye maki.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
S. H.

Dakoro, 19 ga Nuwamba

Almu,

Gaisuwa mai yawa. Duk muna lafiya.

Ka yi gaskiya wuri guda, ba ni ke da sunan ba, don haka na je. Na iske shi gona yana ɗaurin dammuna. Na kwashe komi na faɗa mashi, ban rage ba, ban ƙara ba. Ka san mi ya tambaya? Cewa ya yi, "Takobi? Wadda ake nunawa a tele? Almunmu?" Ya saki igiya ya yi ta dariya, ya kira su Intalla daga gonar maƙwabta ya shaida masu. Da na sake maimaita zancen sunan, sai ya ce, "Haba Hafsatu, don wannan kinka taso da rana? Ya ɗauka mana."

Na so ya yi faɗa, wallahi. Da ya yi faɗa da na ji sanyi.

Ranar kasuwa ya shigo Dakoro, ya biyo gidana bayan ɗalibaina sun watse. Ya zauna bakin tabarma yana ta kame-kame, can ya ce in koya mashi rubuta Almu. Wai ba ya son ya dangwala yatsa gaban alƙalin jastis, kada a ce ɗan'uwan alƙalin takobi jahili ne, ya ba ka kunya. Na koya mashi. Baƙi huɗu ne kawai, amma hannun ya ƙi. Duk ya aza bik sai ta fara da S, ya tsaya, ya soke, ya ce, "Af, ta saba." Sai da na shiga ɗaki na wanke fuska.

Ga takardar da ya yi ta gwaji na sa maka ciki. Ka ƙirga sokewar da kanka. Na ƙasa shi ne ya fito daidai.

Alhamis mai zuwa zai je jastis. Maƙwabtanshi Intalla da Zakiru sun yarda su yi shaida, ko da yake Zakiru ya ce in anka kawo Alƙur'ani shi tashi zai yi. Abin da kake so ya samu.

Ka huta lafiya.

Hafsatu

Maraɗi, 22 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya.

Jiya na je hukumar na faɗi gaskiya tun daga amalanke. An cire ni daga takobin bana. Usur ɗin an ce in riƙe har a ga takardar jastis, sannan a zauna a duba. Na yi baƙin ciki, ba ƙarya.

Ki ce wa Intalla da Zakiru sun huta da rantsuwar ƙarya, ta gaskiya za su yi. Laraba ina tafe da motar safe. Alhamis ɗin ni za a yi wa takarda, kuma ina roƙon Yaya Sa'adu ya zo ya shaida cewa ni ƙanenshi ne. Ki ce ya bar gwajin nan haka. In anka miƙo mashi bik, ya rubuta wanda ya iya.

Ki gaida Inna.

Ƙanenki,
Almu