Jan Mayafin Leendert

Dreischor, 9 ga Oktoba, 1997

Zuwa ga 'yata Jacomien,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki mai tsoron kaji. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san daga aji huɗu malam ya ce shanu sun fi shi bukatata.

Ubanki ya sake tafka ta. Kin san mekrap, jar saiwar rinin nan da sai ta shekara uku a ƙasa kafin a haƙa. Na haƙe ta ranar Talata, kwando guda, na shanya a rumfa, na tafi shan kofi na bar ƙofa a buɗe. Ina dawowa na tarar da ragona Minista a ciki, yana tauna yana kallona kamar ni ne baƙo. Ko sili ɗaya bai rage ba.

Da tawa ce da dariya zan yi. Ta Goggo Tannetje ce, tsohuwar da ta koya mini noma da rini lokacin da na baro aikin dako a tashar jiragen ruwa, ban ma san a ƙasa dankali yake ba. Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. A ambaliyar teku ta shekarar hamsin da uku ruwa ya fizge ɗanta Leendert daga hannunta, yana ɗan shekara huɗu, da jan mayafin ulu a wuyansa, rininta. Kwana tara tana yawo a kwalekwale tana neman ja a kan ruwa. Tun daga nan, duk shekara uku sai ta rina sabo da saiwar lambunta, ta ɗaura a turken da ke kan katangar teku ranar ɗaya ga Fabrairu, ranar da ruwan ya tafi da shi, wai don ya gane hanya. Kafin ta rasu a watan Maris ta damƙa mini farin mayafin da ta saƙa, ta ce, "Krijn, wannan karon kai ne. Kada ka bar yaron nan yana dube-dube."

Naki,
Baba, bawan Minista


Utrecht, 20 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Ga garin mekrap na sayo a kanti, ja dai ja ne. Ka rina, ka ɗaura, ka cika alkawari, sannan ka haɗa kayanka. Likita ya gaya mini abin da ya gaya maka game da zuciyarka, wanda ka manta ka saka a cikin barkwancinka. Mun gyara maka ɗaki. Goggo ta rasu, Baba, ba za ta san bambanci ba.

'Yarka mai jiranka,
Jacomien


Dreischor, 2 ga Fabrairu, 1998

'Yata,

Na gaishe ki, na kuma gode da garin. Na gwada shi a safata. Ya yi kyau, ja kamar motar kashe gobara. Na ɗauko farin mayafin, na tsaya a kan tukunya har ruwan ya huce, ban tsoma shi ba. Jan Goggo ba haka yake ba, nata kamar bulon da ya sha ruwan sama ne. Wannan jan ne yaron ya sani.

Na yanka Minista da Kirsimeti, ba don fushi ba, lokacinsa ne. Da maƙwabcina Adrie ya fasa ƙashin cinya sai ya ja da baya. Ƙashin ja ne, har haƙarƙari. Ya ce, "Kai, Krijn, tsohuwar nan ta biyo kayanta." Na ce masa ai haka saiwar take yi wa dabba, ita Goggon ce ma ta gaya mini. Muka yi dariya. Ba wanda ya ci naman a cikinmu. Na binne ƙasusuwan a kunyar mekrap.

Jiya na je katanga hannu wofi. Tsohon mayafin yana nan a turke, ya koɗe ya zama toka-toka, iska ta cinye rabinsa. Daga nesa ba mai ganinsa. Na cire hula na ce, "Leendert, ni ne Krijn, wawan da ya bar ƙofa a buɗe." Na mayar da hulata na juyo gida.

Kullum ƙarfe goma na safe, lokacin da Goggo takan zo duba aikina, ina jin sandarta tana ƙwanƙwasa ƙyauren lambu. Adrie ya ce sakata ce ta kwance. Na ɗaure sakatar tun makon jiya.

Ubanki,
Krijn


Dreischor, 26 ga Afrilu

Jacomien,

Gaisuwa a taƙaice. Ashe ragwancina ya yi rana: ban haƙa da kyau ba, guntayen saiwa sun saura a ƙasa, sun tsiro guda bakwai. Sai kakar shekara ta dubu biyu za su isa haƙa. Ɗakin nan da kuka gyara mini, ki zuba masa kayan guga.

In likita ya fi ni gaskiya, mayafin yana cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Ki jiƙa saiwar kwana ɗaya, wuta kaɗan-kaɗan, kada ki bari ya tafasa, zai koma ruwan ƙasa. Turke na uku daga matakalar katangar.

Na koma katanga na roƙi yaron ya ƙara mini shekara uku. Ƙarfe goma ta kusa, bari in je in nuna wa Goggo tsiron.

Baba