Kunyar Inna da Hanyar Yawuri

Daga Daura, Jihar Katsina,
a cikin kaka.

Zuwa ga yayana, Malam Harisu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina fara da neman gafararka, Yaya, bisa ɗora maka nauyin karanta doguwar takarda, alhali na san hidimar shago da ta iyali ba sa barin ka ka huta. Da maganar irin wadda waya za ta iya ɗauka ce da ban wahalar da idonka ba, amma mun gwada wayar, kai ma shaida ne, ba ta kai mu ko'ina ba. Bayan haka, ina gaishe ka gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a cikin nemanka, Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa.

Mu nan gida alhamdu lillahi. An yanke gero, dawa tana kan hanya, wake ne kawai bai yi abin kirki ba saboda ruwa ya ɗauke da wuri. Inna tana nan lafiya, sai dai gwiwoyin nan da suke damun ta, yanzu a zaune take sallah, kuma idonta na hagu ya ƙara yin hazo. Maiɗakina Murjanatu ta warke daga zazzaɓin da ta yi. 'Yarmu Khairunnisa ta kammala sakandare, tana zaune tana taya uwarta aiki, kullum da littafi a cinya. Ƙaninmu Auta kuwa matarsa ta sauka lafiya, an sami mace, kuma sunan Inna aka mayar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar ƙaura zuwa Yawuri, wadda na taɓa maka ita a gurguje. Ina so ka ji dalilaina a tsanake, don kada ka zaci son yawo ne ya kama ni da furfura. Ka san lambun Baba na bakin fadama, inda muka tashi muna jan ruwa da jigo. Yaya, lambun nan ya mutu, ƙasa ce kawai ba a rufa masa ba. Rijiyar da ka sani ta ƙafe tuni. Na sa an ƙara mata zurfi, na kafa bututu, na bi duk abin da ƙasidun malaman gona suka ce game da tattalin ruwa, har ciyawa nake shimfiɗawa a kan fangali don kada rana ta shanye laimar. Duk da haka, kafin rani ya raba injin ban ruwa sai ya riƙa jan iska yana tari kamar tsoho. Bara ina tsaye albasa ta ƙone a gabana tun ba ta ƙulla kai ba. Ni kuwa ban iya wata sana'a ba bayan wannan, kuma icen da ya bushe ba a tanƙwara shi.

Ɗana Yazid, kamar yadda ka sani, ya bi motocin albasa har ya zauna a Yawuri, ya yi aure a can. Ya daɗe yana matsa mini in je in gani da idona, to bayan sallar layya na je. Yaya, ban taɓa zaton akwai ruwa irin wannan a ƙasar Hausa ba. Kogin Kwara ne shimfiɗe, mutumin da ke tsallake sai ka gan shi kamar ƙuda. Abin da ya fi kama ni ba girman ruwan ba ne, a'a, yadda mutanen garin ba sa ko kallon sa. Mu da muke auna ruwan alwala, can yara ne suke wanke babur da abin da zai shayar da fangalina duka. Garin kuma girma yake yi. Unguwar da Yazid yake, ya ce da ya zo gonaki ne, yanzu ga masallaci ga makaranta ga masu walda da injin niƙa. Bai kai Kano hayaniya ba, mutum yana iya ratsa shi a kan babur ba tare da kansa ya yi ciwo ba, amma ya wuce ƙauye nesa ba kusa ba. Ranar kasuwa manyan motoci ne suke layi suna ɗaukar albasa zuwa kudu, manomi ba ya neman mai saye, mai saye ne yake bin sa har bakin gona. Kifi kuwa, talaka ma da shi yake miya.

Surukin Yazid, wani Bakabe mai suna Malam Hafizu, yana da fili a bakin kogi, ya ce zai ba ni aro in zaɓi inda nake so. A nan ne na yi abin da har yanzu ake yi mini dariya a gidansu. Na zagaya filin a hankali, ina murza ƙasa ina sansanawa kamar yadda na karanta, sannan na nuna wani kwari mai baƙar ƙasa dab da ruwa, na ce nan ya yi mini. Malam Hafizu ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce dama an gaya masa Bakatsine in ya ga ruwa hankalinsa barin jikinsa yake yi, ya tambaye ni ko albasa zan shuka ko tarwaɗa. Na ce masa ni Badauri ne, ya nemi Bakatsinensa a gaba. Ya ce duk bayinsa ne, sannan ya ja ni gindin wata bishiya ya nuna mini zanen laka a jikinta, sama da hulata, ya ce nan ruwa yake kaiwa idan kogi ya cika. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana bin ruwa bai san akwai inda ruwa ke bin mutum ba. Daga ƙarshe ya ba ni wani tudu-tudu da inji zai iya kai wa ruwa cikin sauƙi, ya ce zai riƙe mini shi har lokacin dashe, in ban zo ba akwai masu jira. Mutumin kirki ne, wasansa kawai ya yi yawa.

Kada ka zaci ban duba aibin wurin ba, ka san halina. Akwai sauro, na kuwa tanadi gidan sauro na kowa da kowa. Akwai haɗarin jirgin ruwa, na riga na kafa doka cewa ba mai shiga kwalekwale daga gidana sai da rigar da ke hana nutsewa, Yazid yana ta dariya wai masunta za su mai da ni abin nuni. Na tambayi direbobi a tasha game da lafiyar hanya, sun gaya mini inda ake bi da lokacin da ya kamata a bi, da rana tsaka za mu yi tafiyarmu in Allah Ya so. Ɗakunan da Yazid ya samo mana suna kan tudu, na duba bangon da kaina ban ga alamar ruwa ba. Akwai asibiti kusa, wanda za a iya kai Inna a duba idonta ba tare da an jijjiga ta a kan babur ba kamar yadda muke yi a nan. Khairunnisa kuma tana son karatun aikin jinya, kuma zai fi mini kwanciyar hankali ta yi shi daga ɗakin uwarta, wanta yana kusa. Gonar gado kuwa ba sayarwa za a yi ba. Auta ya yarda zai riƙe ta aro, ya riƙa fitar da dami na kowa a kaka don kada a manta mai ita, kuma ba zai dasa itace a ciki ba sai da yardarka.

To, Yaya, duk wannan an shirya, abu guda ne ya tsaya, shi ne Inna. Ba zan tafi in bar ta ba, Murjanatu ce ta san cinta da shanta da maganinta, gidan Auta kuwa ga jego ga ƙunci. Da na kai mata maganar, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce gida yana da babba, ba a tsallake babba a zo ana tambayar tsohuwa. Na kira ka, ka ce abin da Inna take so shi za a yi. Na koma na gaya mata, ta ce ita abin da na Gwanja, wato kai, ya ce shi take so. Haka na yi ta kai da kawowa tsakaninku kamar ƙoshiyar masaƙa, kowa yana tura wa ɗan'uwansa girma, lokacin dashe kuwa ba ya jiran kunyar kowa.

Ba na ganin laifinta, ba na ganin naka. Kai ɗan fari ne, tun da muka tashi ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, kuma ba a ɗakinta ka girma ba, a ɗakin Kaka ka girma. In ka bugo waya sai ta tuna akwai wake da ba a tsince ba. In na matsa na kara mata a kunne, ta tambayi Hadijatu da yara, ta tambayi ko an yi ruwa a can, ta miƙo mini. Kai ma da ka ji muryarta sai ka koma gaisuwa, ka gaishe ta ka sake gaishe ta har kuɗin wayar su ƙare. Na ce mata ai ka riga ka yarda, da kunnena na ji. Ta ce maganar waya iska ce, kuma ni da nake ɗokin tafiya ba ni zan zama shaida ba, ta san ni tun ina yaro da ƙara wa miya gishiri. Ta ce in dai da gaske ne, ai mutumin yana da hannu, ya kuma yi allo. Daga nan ta juya ta ci gaba da jan carbinta, na san an rufe zancen.

Na ɗauka ba ta son tafiyar ne take fakewa da kai, har na fara tunanin aika wa Malam Hafizu ya ba wani filin. Murjanatu ce ta hana ni. Ta ce mini mu maza ba ma ganin abin da ke gaban hancinmu. Ashe Inna ta riga ta raba kajinta ga jikoki, ta sa an daka mata kuka da kuɓewa an ɗure a gora, wai ta ji mutanen bakin ruwa ba su iya miya ba. Kuma wata rana suna tsince shinkafa su biyu, sai Inna ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, wai a zamanin kakanta ta nan Yawuri fatake suke ƙetare ruwa in za su Gwanja sayen goro. Can kuma ta tambayi Murjanatu ko har yanzu hanyar tana nan, kuma garin da muke faɗa ya fi Daura kusa da can ko ya fi nisa. Murjanatu ta ce ya fi kusa sosai. Inna ta ce ita dai tambaya ta yi, kada a kai maganar gaba. Ga shi na kai, Allah Ya yafe mini, kai ma kada ka nuna ka ji.

Yaya, ni ruwa nake bi, Khairunnisa makaranta take bi, amma tsohuwar nan da take shirin barin ɗakin da aka kawo ta tana amarya, da kabarin mijinta, da maƙwabtan da suka tsufa tare, ba albasa ce za ta kai ta Yawuri ba. Rabonka da gida tun rasuwar Baba. Ba gori nake yi maka ba, na san nisa da nauyin da ke kanka. Ita ba za ta taɓa faɗa ba ko za a shekara ana tambaya, shi ya sa na faɗa a madadinta.

Ka gaishe mini da Yaya Hadijatu da kyau, ka ce Murjanatu ta gode da atamfar da ta aiko, har ta ɗinka. Ka gaishe da Nana da maigidanta, da Hussaina, da Abdulmuhaimin wanda har yau hotonsa kawai muka sani. Auta da iyalinsa suna gaishe ku, haka Khairunnisa. Inna ta ga ina rubutu ta tambayi ko wa ake rubuta wa, na gaya mata, ta ce a gaishe da mutanen gidan.

Ga abin da nake roƙo, kuma ina roƙon amsar a rubuce, ta hannun direban da ya kawo maka wannan, domin zai juyo kafin a fara dashe:

1. Ka rubuta da hannunka, da ajami, don ta gani ta gane rubutunka. Ni za ka rubuta wa, ba ita ba, kuma kada ka ce abin da Inna take so. Ka ce ka umarce ni in tashi da iyalina da mahaifiyarmu zuwa Yawuri. Zan karanta da ƙarfi a tsakar gida, sannan in manta takardar a kan tabarmarta.

2. Ka bayyana yardarka a ba Auta aron gonar gado bisa sharuɗɗan da na ambata, ko ka gyara abin da ka ga ya dace, don in sanar da mai unguwa kafin mu tashi.

3. Idan ka san za ka iya zuwa Yawuri, ko da bayan azumi ne, ka rubuta a layin ƙarshe. Idan ba ka da tabbas, don Allah ka bar wurin fari, kada a sa tsohuwa kallon hanya. In kuwa za ka zo, ba sai ka ambace ta ba. Ka ce za ka zo ganin lambu. Za ta gane.

Ina sauraren amsarka. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai biyayya,
Badaru.