Bokitin da Tela Ya Zubar

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar taka da wannan sanyi? Yaya, na san kai ke karanta masa, ka ɗaga murya, kar kuma ka tsallake inda na yi faɗa.

Baba, raina a ɓace yake. Ƙarshen kaka, kowa ya cire rai da ruwa, sai ga hadari ranar Talata da azahar, baƙi ƙirin. Iska ta yaye rufin kasuwa, ta kayar da itacen ƙofar tasharmu ta awon ruwa. Da na ga yana zuba kamar da bakin ƙwarya, hankalina ya tafi kan allon ofis, inda ka rubuta ruwa mafi yawa da aka taɓa aunawa a yini ɗaya: milimita 187, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Shekara goma sha shida ina zama ƙarƙashinsa, duk baƙon da ya shigo 'yar mai 187 yake kirana. Na ce yau dai ranata ce.

Gwangwanin awo ya kusa cika, na yi yadda ka koya mini. Na juye a bokiti mai tsabta, na kai gida tunda ga shi nan bayan tasha, na rufe da faranti sai an ɗauke in auna. Na koma duba ma'aunin iska. Kafin in dawo ruwa ya shiga ɗaki. Surukinka Tela ya ga keken ɗinkinsa zai jiƙe, ya rarumi bokitin, ya sheƙar a tsakar gida, ya kama kwashe ruwan ɗaki da shi. Har da washe mini baki, wai ya ceci keke da tabarma!

Abin da ya taru daga baya 94 ne. Wanda ya zubar ya haura ɗari, ni na ɗauko shi. Na wuce ka, Baba, amma babu shaida.

Taka,
Auta

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan maganin da na aiko ya iso.

Shugabanmu ya zo jiya. Ya ce in rubuta 205 kawai, 'yan jarida na jira, wa zai sani, ai ruwan ba zai dawo ya ƙaryata ni ba. Wallahi har na ɗauki biro. Sai na tuna maganarka, cewa abin da gilashin awo bai nuna ba, alƙalami ba ya rubutawa. Kai ka cuce ni da wannan tarbiyya!

Kwana uku ban yi wa Tela magana ba. Ya samo jan fenti ya rubuta a jikin bokitin, wai na ofis ne kar a taɓa. Ihu bayan hari. Shekara goma sha biyu da aure bai san ba kowane ruwa ne ruwa ba.

Ba ƙarya zan yi ba, Baba, ruwan ya sauka, duk gari shaida ne. Irinsa ƙila ba zan sake gani ba har in bar aiki. Takardar rahoton za ta tafi ranar Litinin. Ka ce mini in rubuta, ko sau ɗaya.

Ina jiran amsa,
Auta

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarka ta iso da safiyar Litinin, na karanta a tsaye. Ba ka ce i ba, ba ka ce a'a ba, sai ka ɓuge da ba ni labari.

Ashe ranar taka ma an juye ruwa a kwano! Ashe kwanana tara a duniya, famfo ya ɗauke, Inna, Allah ya ji ƙanta, ta ga ruwa garau a rufe ta wanke mini tsummokara da shi. Ka rubuta abin da ya rage, ka ja bakinka ka yi shiru shekara arba'in da ɗaya. Haba Baba! Kana ji ina tsine wa Tela, ashe ni ce na fara yi maka ɓarnar.

Na rubuta 94, na ƙara a gefe cewa wani sashe ya zube kafin awo. Shugaba ya ce taurin kaina gado ne, na ce ƙwarai kuwa. Har yanzu abin na ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka a bayan tasha.

Allon yana nan da lambarka. Yau na goge masa ƙura, karon farko ba da haushi ba. Na kuma sayo wa Tela bokitinsa na kansa.

Ka gaida Yaya, ka ce ya daina dariya.

'Yarka mai 94,
Auta